Ranar da gwiwa ta ƙi: shawara ga masu raƙuma da amalanke

Saƙon ya zo mini da murya, ta wayar ɗansa, daga wani ƙauye tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. Dattijo ne, ya ce ya kusa sittin. Mahaifinsa madugu ne, shi kuwa abin da ya rage a hannunsa raƙuma uku, amalanke biyu da shanun ja huɗu. Da su yake kwasar hatsi da wake da rake zuwa kasuwanni, da rani ya kai wa mutane taki gona. Ya ce: "Shekara arba'in ina riƙe da akala, kuɗi na shiga, amma ban ga inda suka kwanta ba. Abokina malamin lakkol ya yi ritaya, yana zaune fanshonsa na iske shi. Ni ranar da gwiwa ta ƙi, wa zai biya ni?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Gara in fara faɗa maka mai ɗacin. A Nijar fansho na mai albashi ne. Ma'aikacin gwamnati yana da asusun CARENI, na kamfani yana da CNSS, kuma dukansu daga abin da aka riƙa yanka a albashinsu wata-wata, haɗe da kason mai ba su aiki, ake biyan su. Abokinka ba kyauta yake ci ba. An hana shi taɓa wani kaso na kuɗinsa shekara da shekaru, ko yana so ko ba ya so. Kai babu wanda ya taɓa riƙe maka hannu, kuma ita ce duk matsalar.

Zamanin kakanninku ba a yin wannan tambaya, saboda ayarin shi ne fanshon. Lokacin da Damagaram ke tashe a ƙarƙashin Sarki Tanimun, unguwar Zango cike take da fatake masu zuwa Kano da Agadas har Tarabulus, kuma madugun da ya tsufa sai ya zauna gida, 'ya'ya da barori su ja akala, rabonsa ya iske shi a kan buzu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, doguwar hanyar sahara ta mutu. Gyaɗa ta sake ba masu raƙuma da jakuna aiki, musamman a ƙasar Magarya, har zamanin kamfanin gyaɗa na SONARA da aka kafa a 1962. Sai farin 1973 zuwa 1974, sai na 1984, sai motoci. Buzaye har yanzu suna zuwa Fashi da Bilma bayan damina su gangaro mana da kantun gishiri da dabino, amma ku nan kudu abin da ya rage muku gajeriyar tafiya ce, inda yashi ke hana mota shiga. 'Ya'yan da za su gaji akalar kuwa, wani yana Kano, wani Libiya, wanda ke gida babur yake so.

To ina kuɗin shekara arba'in suka tafi? Ba na zargin ka da almubazzaranci. Ka ci raƙumanka ne a cikin tuwo, loma-loma, ba ka sani ba. In ka dawo daga kasuwa da jika 12 a lalita, ka cire kuɗin harawa da dusa da na yaro da abin da aka karɓa a hanya, sauran kakan kira shi riba. Alhali a wannan tafiyar amalenka ya ƙara tsufa, tayar amalanke ta ƙara cinyewa, kuma ba wanda ya zo ya ce ka biya shi wannan. Sai ranar da raƙumin ya durƙusa ya kasa tashi da kaya bashin ke fitowa gaba ɗaya, a sayar da tinkiya ko a jinginar da gona a maye gurbinsa. Haka garken da aka gada yake komawa uku.

Mu yi lissafi da misali, kai ka sa farashin da ka sani. A ce amale ya tsaya maka jika 600, kana sa ran zai yi maka aiki shekara 10, daga nan mahauci ya saye shi jika 300. Jika 300 ke nan za su narke cikin shekara 10, wato jika 30 kowace shekara. In yana tafiya 60 a shekara, kowace tafiya tana cin dala ɗari daga jikinsa. Wannan dala ɗarin ba taka ba ce, ba ta cefane ba ce, ta raƙumin ce. Ka cire ta tun a zango, kafin ka shigo gida yara su tare ka. Ni ma zan ce ka mai da ita dala 150, don dabba ba ta yi wa kowa alkawarin kai shekara goma ba. Waɗanda suka ga yadda ciwo ya kwashe jakuna a ƙasar nan a farkon 2019 sun san abin da nake nufi. Haka za ka yi wa kowace amalanke nata kason na taya da ƙarfen gindi da walda.

Sha'anin shanun ja daban ne, kuma a nan ne nake ganin fanshonka yake ɓoye. Raƙumi daraja yake rasawa yayin da yake aiki, sa kuwa, in an kula da cikinsa, nauyi yake ƙarawa. Kana sayen ɗan maraƙi mai shekara biyu zuwa uku, ka hore shi, ya ja maka amalanke shekara uku ko huɗu, ka sayar da shi fiye da yadda ka saye. Kuskuren da na fi gani shi ne sabo. Mutum ya shaƙu da sansa, ya san halinsa, ba ya buƙatar bulala, sai ya riƙe shi har haƙora su zube, ƙashin baya ya fito, dillali ya taya shi da raini. Wani kawuna ya yi haka da wani jan sa da yake kira da suna kamar ɗa. Da safe yakan tauna goro ya tsaya yana sosa masa tozo, in an yi maganar sayarwa ya canza zance. Ranar da aka kai shi kasuwa, kuɗinsa maraƙi ɗaya tal suka saya, maimakon biyun da zai kawo shekara uku kafin nan. Kai da kake da huɗu, kada ka bari su tsufa tare. Ka jera su, kowace shekara ɗaya ya fita ɗaya ya shigo. Wanda zai fita a sauke masa aiki wata biyu ko uku, a ɗaure shi a turke da harawa da dusa da 'yar kanwa. Ka sayi maraƙin da zai maye shi a ranar, a kasuwar, kafin kuɗin su kwana a gida. Abin da ya yi saura tsakanin farashin biyu, shi ne kuɗin tsufa. Ba na biki ba ne, ba na suna ba ne.

Ina za a ajiye su? Ba a aljihu ba, kuma ba a cikin naira ba. Na san a ƙasar Magarya da Dungas naira ta fi sefa yawo, tunda kasuwarku Maigatari ce da Babura da Mai'aduwa. Yi ciniki da ita, amma kada ka yi ajiya da ita. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kafin wannan ma, canjin takardun naira ya bar mutanen iyaka da damin tsofaffin kuɗi suna neman wanda zai karɓa. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, kuma duk da ita ma an taɓa raba darajarta biyu a Janairun 1994, ta fi zama wuri ɗaya. Abin da za ka kashe cikin mako biyu bar shi a naira, sauran ka canza.

Ko sefar ma ba na son ta daɗe a matsayin takarda, don kuɗin da ke ƙarƙashin katifa kowa a gida yana jin ƙamshinsu. Ka mai da su dabba mace. Dubi garkenka, Baba: kusan duka maza ne, ma'aikata, babu mai haihuwa. Taguwa tana ɗaukar ciki wata 13, ta haihu sau ɗaya a shekara biyu, jiran ya yi wa mai shekara sittin tsawo. Akuya wata biyar ne. Awaki da tumaki ba su da kwarjinin raƙumi, na sani, ɗan madugu zai ji kamar an rage masa rawani, amma su ne ake iya sayarwa ɗaya-ɗaya ranar da zazzaɓin damina ya kwantar da jika, ba tare da an taɓa abin neman abinci ba. Kada ka tara su turke ɗaya. Ka ba da wasu kiwo a wani gari bisa sharaɗin da aka sani, kuma in ma'aikatan kiwo sun fito rigakafin shekara, wanda kyauta ne, ka kai duka har raƙuman.

Sai gona. In kana da wadda ke jingina, fansarta ta fi sayen sabon raƙumi. Ka bar 'ya'yan gawo su tashi a cikinta, yadda mutanen Magarya da Matamaye da Mirya suka yi har duniya ta san su da shi. Gawo taki ne ga hatsi, 'ya'yansa abinci ne ga dabba a bazara lokacin da damin harawa ya fi ƙarfin talaka. Ka kuma je wurin kwamitin filaye da ake kira Cofo a yi maka takarda, tun shaidun suna raye.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Sana'arka duk a kan iyaka ta rataya, iyakar kuwa ba hannunka take ba. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 har Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har Maris na 2024. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi. Wanda ya saba bin ta daji zai yi dariya, amma in duwan suka kama kaya da dabba a rana ɗaya, ajiyar shekara biyar ce ta tafi, kuma mai shekara sittin ba shi da wasu biyar ɗin na wasa. Ka ƙara ƙarfi a aikin cikin gida wanda ba ruwansa da shinge: taki, bulo, ruwa, kwasar dami da kaka, raken fadamun Wacha da Bande. Ka kuma tanadi abin da zai ciyar da gida da dabbobi wata uku ko ƙafa ba ta fita ba. Wannan tanadin a rumbu ake yin sa, da kaka, lokacin da tiyar hatsi ke ƙasa da kara da harawa ke zube a gona. Mai amalanke da ke sayen harawa a watan Mayu ya yi sakaci, don shi ya kwashe ta wasu da hannunsa a Oktoba.

Kan cefane, ka yanke abin da gida zai ci kowane mako, ka miƙa shi ga iyali, ranar ciniki mai kyau da ranar banza duk ɗaya. In matan gidan suna cikin asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a jihar Maradi a 1991, ka bar musu abinsu. Kada ka ranta ka sayi taya. Wannan akwatin nasu shi ke tare ƙananan gobara kafin ta iso turkenka.

Bashi kuma, na tabbata kana bin mutane da yawa kuɗin dako, "sai kasuwa ta ci". Addini da kansa ya yi umarni a rubuta bashi, don haka ba rashin yarda ba ne. Sayi ɗan littafi, yaron da ya aiko mini saƙon ya riƙa rubutawa, da boko ko da ajami. A shafin farko a rubuta kowace dabba ta wace ce: wadda ka gada tare da 'yan'uwanka, wadda ta uwargida ce, wadda aka ba ka amana. Na ga gidajen da zumunci ya watse a kan raƙumi ɗaya da kowa ya rantse na ubansa ne. Ka kuma tuntuɓi malaminku kan zakka, don a mazhabar Malikiyya dabbar aiki ma ana lissafa ta, kuma raƙuma in sun kai biyar akuya ɗaya ta wajaba.

Saura maganar miƙa akala. Kada ka jira gwiwar ta ƙi. Daga bana ka ba ɗanka amalanke ɗaya da shanunta, amma ba kyauta ba, kuma ba aikin gandu da zai yi yana ƙunƙuni ba. Ku zauna gaban mutum biyu ku yi sharaɗi: bayan an cire abincin shanu da kason amalanke, abin da ya rage a raba, kaso nasa, kaso naka. In ya ga gumin nasa yana shiga aljihunsa, zai rage zancen Libiya. In ya dage sai babur mai ƙafa uku, kada ka yi masa baki. Ka lissafa masa mai da gyara da shekarun da babur ke yi kafin ya zama ƙarfe, yadda muka lissafa wa amale, in ya ci, raƙumin da ya fi tsufa a cikin ukun ya saya masa, bisa wannan sharaɗin na rabo.

Kafin Alhamis mai zuwa, ranar kasuwar Maigatari, Baba, ka buɗe bakin shanun nan huɗu ka duba haƙoransu. Wanda ya fi cinyewa a sauke masa karkiya tun yanzu, a ɗaure shi a inuwa. In ka je Maigatari wannan makon kada ka kai komai na sayarwa, ka zaga karar shanu kawai ka ji kuɗin maraƙi, ka sa yaron ya rubuta, sai ku aiko mini mu yi lissafin tare.