Yadda Wasan Jifan Faifai Ya Sami Fili a Pasadena

Ɗalibai, kun san faifan da iyayenmu mata suke rufe ƙwarya da shi. To, a Amurka akwai na roba mai kama da shi, wanda in an jefa sai ya yi ta shawagi a iska. Kamfanin Wham-O ne ya sa masa suna Frisbee. Da irinsa ake yin wani wasa da ya ari ƙa'idodin golf. Mai wasa zai jefa faifai, inda ya faɗi daga nan zai sake jifa, har ya sami abin da ake bara. Fili yakan ƙunshi zango 9 ko 18, kuma wanda ya gama da jifa mafi kaɗan shi ya ci.

Da farko wasan ba shi da fili nasa. 'Yan wasa sukan bara bishiya, ko turken fitila, ko gangar shara. Duk da haka, masu sha'awarsa a birnin Rochester na jihar New York sun shirya gasa a 1974, suka ba zakara sabuwar mota ƙirar Datsun. A 1975 aka sa shi cikin gasar Frisbee ta duniya da aka yi a Pasadena, jihar Kalifoniya.

A wannan shekara ce Ed Headrick, wanda ya daɗe yana aiki a Wham-O, ya kafa filin dindindin na farko a lambun shaƙatawa na Oak Grove, a nan Pasadena ɗin. Turaku kawai ya kakkafa. Sai ga matsala. Mutum zai yi jifa daga nesa ya ce faifansa ya taɓa turke, abokin karawarsa ya ce sam bai taɓa ba. Duk malamin da ya taɓa busa usur a wasannin makaranta ya san inda irin wannan gardama take kaiwa. Headrick ya rataya sarƙoƙi a saman turken, ya ɗaura kwando a ƙarƙashinsu. Faifai ya bugi sarƙa, ƙarfinsa ya mutu, ya faɗa kwando. Ko yana ciki ko ba ya ciki, kowa yana gani da idonsa. A ganina, wannan kwandon ya fi komai taimakon wasan, domin da shi baƙo da baƙo za su iya karawa ba alƙali. An yi wa ƙirar rajista da sunansa a 1977.

A 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, wato PDGA, shi ne mamba mai lamba 001. Yanzu ana kiran lambun Hahamongna, kuma har yau ana wasa a filin. Headrick ya rasu a 2002. Bisa ga wasiyyarsa aka ƙone gawarsa, aka gauraya tokar cikin robar wasu faya-fayai, aka raba wa iyali da abokai, aka sayar da sauran.