Karkacewar Baki da Ƙurajen Kunne: Gargaɗi ga Manoman Rani

'Yan'uwa manoman Kura, Bunkure da Kadawa, ku da ruwan Tiga ya hana ku zaman rani, ku ba mu aron kunnuwanku. Akan ga mutum ya kwanta lafiya, ya wayi gari kunne na yi masa zogi, ƙuraje masu ruwa sun feso a cikinsa, baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Nan take sai a ce iska ce ta mare shi a bakin ruwa. To, ba haka zancen yake ba.

Asalin ciwon

Duk wanda ya yi ƙarambau yana yaro, ƙwayar cutar ba ta bar jikinsa ba, laɓewa ta yi a tushen jijiya. Masu tsare ta su ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki. Aikinsu irin na yaro mai korar jan-baki ne a gonar shinkafa: ran da ya yi gyangyaɗi, ran nan tsuntsu ke sauka. In ƙwayar ta farka, jijiya ɗaya take bi ta fito fata, shi ya sa ƙurajen kan tsaya a ɓari guda, galibi a haƙarƙari. In kuwa jijiyar fuska ta bi, sai ɓarin fuskar ya shanye. Wani likitan Amurka, Ramsay Hunt, ya yi bayanin wannan tun 1907.

Abubuwan da ke raunana sojojin nan su ne tsufa, musamman bayan shekara 50, da ciwon suga, da ƙanjamau, da ciwon daji, da ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake saye a kemis ba da izinin likita ba.

Abin da ya kamata a yi

A garzaya Babban Asibitin Kura ko asibiti mafi kusa kafin kwana uku su cika, domin maganin ya fi ci da wuri. A riƙa ɗiga wa idon magani, a rufe shi da dare, a guji ƙurar sussuka, kada ya bushe ya lalace. Mai ƙurajen ya nisanci jarirai da masu ciki, don ruwan ƙurajen na iya sa musu ƙarambau. In hannu ko ƙafa ma sun mutu, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kada a kwana a gida.

Matashin da ciwon nan ya kama kuwa, ya nemi gwajin suga da na ƙanjamau ba tare da jin kunya ba. Ƙurajen za su warke, amma abin da ya raunana jikin sai an gano shi ake maganinsa.