Tangaɗin Mota a Kwana: Darasi Daga Hanyar Illela

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ke sa mota tangaɗi a kwana, da kuma maganinsa. An ɗauki misali da motocin da ke jigilar mutane da hatsi daga Tozai zuwa kasuwar Illela, garin da ke iyaka da Birnin Ƙonni.

Idan mota ta sha kwana, nauyinta yakan rinjaya waje, sifirin ɗin wannan gefe ya danne, na ɗaya gefen ya saki. Gwargwadon tudun lodi, gwargwadon rinjayar. Shi ya sa buhu biyar a bisa rufi suka fi biyar a cikin but haɗari.

Abubuwa uku ke tsare mota. Sifirin ke ɗaukar nauyi. Shakazoba ke kashe rawar sifirin. Sitabilaiza kuwa, wato sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, ita ke rage karkata. Peugeot 504 ta yi suna saboda ƙarfin ƙafafunta: ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna.

Wasu makanikai kan ƙara fallen sifirin a bayan akori-kura. Wannan yana ƙara mata juriyar lodi, amma idan baya ya faye tauri, tayoyi sukan yi tsalle a gargada, motar ta kufce wa direba. Saboda haka gyara yakan fara da sauya shakazoba bibbiyu, da robobin sitabilaiza, da daidaita iskar taya. Sauran magani kuwa yana ƙafar direba: rage gudu tun kafin kwana.