Hanta da Burodi: Darasi Kan Dundumi

Ya kai ɗalibi, ka taɓa ganin yaro yana laluben hanya da zarar magariba ta yi? Wannan shi ne dundumi, kuma galibi ƙarancin bitamin A ke haddasa shi. Ido yana bukatar wannan sinadari, wanda aka gano a 1913, domin gani cikin duhu. Dabba kuwa a hantarta take adana shi.

Saboda haka a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, musamman da rani da ɗanyen ganye ke wuya, a soya hanta ta soyu sosai, a daka da albasa, a shafa kan yankan burodi, a barbaɗa dakakken cuku. Maiƙon cukun yana taimaka wa hanji tsotse bitamin ɗin. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Amma mai juna biyu ta kiyayi hanta, domin bitamin A in ya yi yawa yana cutar da ɗan tayi.