Gyaran Ƙasa Tun Guba Ba Ta Kai Rijiya Ba

Maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne jan hankalin magidanta da masu unguwa da dagatai da limamai game da gubar dalma, wadda ke zama cikin ƙasa shekara da shekaru har ta sami hanyar gangarawa ga ruwan sha.

Kowa ya ji abin da ya auku a Zamfara a 2010, sa'ad da zinariya ta yi tsada, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma, suka riƙa ɗauko duwatsu daga ramuka suna kawowa gida, ana daka a turmi, ana niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya a tsakar gida, alhali kuwa ba wanda ya san dutsen nan cike yake da dalma. Ƙura ta sauka a daɓe, yara masu rarrafe suka shafa suka kai baki, sai amai da jijjiga, har kimanin 400 suka riga mu gidan gaskiya, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankara a watan Maris na shekarar. A 2015 musibar ta sake bayyana a Shikira ta ƙasar Rafi a jihar Neja, ta ɗauke yara 28.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Duk almajirin da ya sauke Ahalari ya san ana duba ruwan tsarki ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, hukunci ne kuwa ingantacce a babinsa. Amma dalma ba ta sāke ko ɗaya daga cikin ukun nan, saboda haka ruwa na iya halatta ga alwala, ya yi garau a cikin moɗa, duk da haka ya zama halaka ga jariri. Tafasawa ma ba ta fitar da ita. Na'urar ma'aikatan lafiya kaɗai ke iya shaida.

Misalin ruwan ƙarƙashin ƙasa kamar randa ce ta uwargida mai tsabta, wadda ta wanke ta, ta kafa ta a inuwa, ta tace ruwa ta zuba, ta rufe da faifai, kowa a gidan daga maigida har baƙon da ya sauka a zaure da ita ya dogara. In kuwa wani ya zo ya baza guba a kan faifan, to tsabtar randar ba za ta amfana kome ba, domin duk ranar da aka ɗaga murfin ko aka yayyafa masa ruwa, abin da ke sama zai sauka ƙasa. Ƙasar tsakar gida ita ce faifan nan. Da damina ta kama, ruwan sama kan kwashe gurɓatacciyar ƙasa ya zuba a kududdufi da rijiyar da ba ta da gaba, iska kan jefa ƙura a wadda ba ta da murfi, guga kuma da aka yar a ƙasa yakan koma ciki da rabonsa.

Daga rahamar Ubangiji, dalma takan maƙale a saman ƙasa, ba ta saurin nutsawa, shi ya sa gyara ke yiwuwa. Abin da aka yi a Zamfara shi ne, a auna gida, a kankare saman ƙasa kamar santimita 5 da fartanya, a ɗura a buhu, a kai wani rami da aka keɓe nesa da ruwa a binne, sa'an nan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. Likitoci kuwa ba su ga amfanin ba yaro maganin fitar da dalma ya koma gidan da bai gyaru ba, dalili ke nan da yaran ƙauyen Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da kuɗin aikin suka fito.

Amma wallahi abin kunya ne a share wa mutum gida da dukiyar jama'a, bayan wata biyu ya sake shigo da buhun dutse ya ɓoye a ɗaki don tsoron ɓarawo, ko ya ɗebo laka daga kududdufin da ake wankin zinariya ya buga tubali, ko ya shigo da tufafin aiki ya rungumi ɗansa. Wanda ya yi haka bayan ya sani ya ci amanar iyalinsa da maƙwabtansa, kada kuma ya fake da ƙaddara, gama tawakkali bai taɓa zama hujjar sakaci ba. Ba a hana kowa neman halal ba. A yi niƙa da wanki a bayan gari, a yi wanka a sauya tufa kafin a dawo.

Sauran abubuwan da ke ɓata ƙasa sanannu ne, ba sai an tsawaita ba: baƙin man da makanikai ke tuttulawa, da tsohon batirin mota da ake fasawa, da ruwan majema, da galan ɗin maganin feshi, da shaddar da aka gina kusa da rijiya. Duk a nisanta su daga ruwa.

Muna roƙon dagatai su hana shigo da dutse cikin gari, limamai su ambaci batun nan a huɗubar Jumma'a, kowane maigida kuma ya ɗaga gabar rijiyarsa ya yi mata murfi tun damina ba ta faɗi ba. Wanda ya san an taɓa niƙa dutse a gidansa, ya je wurin ma'aikatan lafiya ya nemi a auna ƙasar da jinin yaransa. Allah ya kiyashe mu, amin.