Waya Biyu, Hanya Ɗaya: Darasin Da Ɓera Ya Koya Min

Lokacin da nake IT a wani ofishi, akwai suwic biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a saman bene, kuma waya guda ce ta haɗa su. Wata safiya ɓera ya cinye wayar a cikin silin, kwamfutocin sama kaf suka rasa netwok har azahar. Da muka ja sabuwa, sai na ce bari in nuna ƙwarewa, na ƙara ta biyu don gudu ya ninka. Ina jonawa, fitilar fot ɗin ta tsaya ruwan lemo, ta ƙi zama koriya.

Ogana ya yi dariya ya ce, "Ɗan IT, suwic ba ya son zagaye." Ashe idan waya biyu suka haɗa suwic biyu haka kawai, saƙo zai riƙa kewaye ba iyaka har netwok ya tsaya cak. Shi ya sa tsarin STP ke toshe ɗaya, sai ta farko ta mutu ya buɗe ta, kuma a tsohon tsarin hakan kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50.

Maganin shi ne a ɗaure fot-fot ɗin su zama hanya ɗaya a idon suwic. Cisco na kiran wannan EtherChannel. Ƙa'idar da kowane kamfani ke bi ita ce LACP, wadda ta fito a 2000 da sunan IEEE 802.3ad, aka mayar da ita 802.1AX a 2008. A suwic na Cisco ana iya ɗaure har fot 8 masu aiki a lokaci guda.

Kafin ka ɗaure, tabbatar gudun fot-fot ɗin iri ɗaya ne, saitin VLAN ɗinsu ma haka. Sai ka zaɓe su ka rubuta channel-group 1 mode active. A ɗaya suwic ɗin ka sa active ko passive. Amma fa idan duka biyun passive ne, kowa zai zauna jiran ɗan'uwansa ya fara magana, ba abin da zai haɗu. Don dubawa, rubuta show etherchannel summary. Harafin P a gaban fot na nufin ya shiga ɗaurin.

Ga inda da yawanmu ke faɗuwa a jarabawa. Waya biyu masu gigabit 1 ba sa tura fayil guda da gudun gigabit 2. Suwic na duba adireshin MAC ko IP, ya ɗora kowace hira a kan waya ɗaya don kada saƙonni su iso a hargitse. Kamar ATM biyu ne a bakin get: ba sa hanzarta cire kuɗin mutum ɗaya, amma layi na raguwa, kuma in ɗaya ta lalace ɗaya na aiki.

Abu na ƙarshe da oga ya sa ni yi: kada wayoyin su bi rami ɗaya a silin, don ɓeran da ya ci ɗaya ba zai bar ɗayar ba.

'Yan'uwa masu shirin tafiya IT, ku buɗe Packet Tracer, ku haɗa suwic biyu da waya biyu, ku ɗaure su, ku kunna ping, sannan ku cire waya ɗaya ku ga abin da zai faru. Gara ku yi kuskuren a ɗakin kwana da ku yi shi a gaban oga kamar ni.