Yadda Ake Rage Tarkace da Kintsa Gida a Lokacin Hutun Aiki a Ƙasar Haɗeja

Ma'aikaci in ya samu hutu, abin da ke fara zuwa masa a rai barci ne, sai ziyarar dangi, sai gona. Gyaran gida ba ya shiga lissafi, sai ranar da makaranta ta nemi takardar haihuwar yaro aka wuni ana birkita akwatuna. A ƙasar Haɗeja kuwa maganar ta wuce ɓata lokaci. Kogin da ya ratsa ta nan ruwan kogin Kano da na Challawa yake kwasowa, ya biyo ta Wudil da Ringim, kuma duk da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, yakan cika ya batse a watannin Agusta da Satumba ko da ba a yi ruwan kirki a gari ba. Ga kachala ta toshe masa hanyoyi a fadama. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri ba ya bukatar dogon bayani. Don haka duk wani tsarin gida a nan tambaya ɗaya yake amsawa: in aka ce a tashi da tsakar dare, me za a ɗauka, kuma a ina yake?

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dogon hutun makarantu yakan faɗo ne a Agusta, daidai lokacin da ƙasa ta jiƙe, rana ba ta da tabbas, hankalin kowa yana kan kogi. Wannan ba lokacin fito da kaya tsakar gida ba ne. Malamin makaranta ya kama hutun Disamba ko na Afrilu; wanda ke da ikon zaɓar hutunsa na shekara ya ajiye shi tsakanin ƙarshen kaka da bazara. Disamba na da ƙurar hunturu, amma komai aka shanya yana bushewa. Afrilu na da zafi, sai a fara da an idar da sallar asuba a tsaya da hantsi, a koma bayan la'asar. Hutun Sallah kuwa a bar shi, na baƙi ne da girki.

A ware kwana huɗu ko biyar, ɗaki ɗaya a rana. Wanda ya zazzage gida duka a yini ɗaya, magariba za ta same shi cikin tsibin kaya, ya mayar da su yadda suke don a samu wurin kwanciya.

Mataki na biyu: a yi magana kafin a taɓa komai

Nan ne aikin yakan lalace, kuma ba tsintsiya ke lalata shi ba. Kayan ɗakin mace nata ne. Kwalla da samira da tasoshin da iyayenta suka jera mata, ko shekara ashirin suka yi ba a ci abinci a ciki ba, dukiyarta ce, kuma sau da yawa su ne ajiyar da za ta juya ranar aurar da 'ya. Maigida bai da hurumin kiransu tarkace. Abin da zai iya yi shi ne ya fara da nasa: tsofaffin jaridu, takalman da suka tsage, rediyon da ya mutu tun tuni, wayoyin caja da ba a san na wace waya ba ne. In uwargida ta ga an fito da na turaka, ita ma za ta buɗe nata sif ɗin ba tare da an roƙe ta ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowacce ta yi ɗakinta da kanta.

Ɗakin tsohuwa sai da lallashi. Ba a ce mata "a zubar". A durƙusa a ce, "Inna, wannan adakar ko a ɗaga miki ita kan benci, kada damshi ya taɓa zannuwan?" In an buɗe, ita da kanta za ta ce a ba wance wannan, a ba jika wancan. Kayan mamaci da ba a raba ba kuwa gado ne: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, sai magada sun zauna. In aikin nan ya sa aka tuna da su aka kira malami ya raba, to hutun ya yi riba.

Mataki na uku: fitar da kaya a kasa huɗu

A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. A fito da duk abin da ke ɗakin, har na ƙarƙashin gado da na saman sif. Amma a yi hattara wajen ɗaga abin da ya daɗe a ƙasa: a sa takalmi, a fara tura shi da sanda, a riƙe tocila. Kunama da maciji suna son bayan buhu da ƙasan tulin itace, balle a gidan da ke kusa da fadama. Inda aka ga kashin ɓera a yayyafa ruwa da sabulu kafin a share, a kuma rufe hanci, saboda ta ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa.

Sai a kasa kayan huɗu. Kashi na farko, abin da ake amfani da shi. Na biyu, abin da ke da kyau amma ba a amfani da shi, wato na bayarwa. Na uku na sayarwa. Na huɗu na zubarwa. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da damina da rani suka wuce ba a neme shi ba, ba na kashi na farko ba ne. Kalmar da ke cika gida ita ce "wata rana zai yi amfani". Fankar da aka ce za a kai gyara, ko dai a kai ta wurin mai gyara cikin hutun nan, ko ta bi 'yan gwangwan.

Na bayarwa kada ya kwana biyu a gida, don in ya kwana zai koma ɗaki. A wanke tufafin a ninke, a miƙa wa almajirin gida, ko dangi na ƙauye, ko maƙwabcin da ruwa ya yi wa ɓarna. Rigar da ta yage har kai ba za ka sa ba, ba sadaka ba ce, tsumma ce. Ƙarafa da tsofaffin tukwanen alminiyom da robobi, 'yan jari-bola na saye. A sa su auna a gabanku. Atamfa da kwanukan da ke da daraja dillaliya ta fi sanin kuɗinsu.

Akwai abubuwan da ba a jefawa bola haka kawai. Takardun da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunan Allah a tattara su daban, a ƙone a wuri mai tsabta ko a binne. Maganin asibiti da kwanan watansa ya wuce a fitar da shi, a naɗe yadda yaro ba zai tsinta ba. Jarkar maganin feshi kuwa a huda ta kafin a rabu da ita, don kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Wanki ba ya fitar da gubar duka.

Mataki na huɗu: jakar takardu

In hutun ya ƙare ba a yi komai ba sai wannan, an yi abin kirki. A tattaro takardar fili ko ta gona, takardun haihuwa, katin NIN, katin zaɓe, sakamakon WAEC da NECO, takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma, katin rigakafin yara, takardun babur ko mota. A jera na kowane mutum a leda daban, a rubuta sunansa, a haɗa duka a leda mai kauri, a sa cikin jaka ɗaya ko bokitin roba mai murfi. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa wani ɗan'uwa amintacce da ke zaune a wani gari, Dutse ko Kano ko Gumel. Ma'aikacin da ya kusa ritaya ya fi kowa sanin abin da ɓatan takardar fara aiki ke jawowa.

Jakar nan a rataye ta a sama kusa da ƙofa, ba a ƙasan akwati na uku ba. Kowane babba a gidan ya san inda take. A sa tocila da maganin wanda ke shan magani kullum kusa da ita.

Mataki na biyar: mayar da kaya, mai daraja a sama

Kafin a mayar da komai a share ɗakin, a duba gindin bango. Hanyar gara, ramin ɓera, tsagewa da alamar damshi duk yanzu ake ganinsu, lokacin da ɗaki yake fayau. A toshe, a yi yaɓe in ginin ƙasa ne. Katifa da barguna da tabarmi su sha rana yini guda.

Ƙa'idar mayarwa ita ce tsawo. Abin da ruwa ba ya lalatawa, kamar bokiti da tukunya da turmi, shi ke zama a ƙasa. Tufafi da littattafai da kayan lantarki su hau sama. Kafinta zai buga kanta biyu a bango da kuɗi kaɗan, kuma ragayar da iyayenmu ke rataye ƙwarya da ita har yau tana aiki. Akwati kada ya zauna a kan daɓe. A ɗora shi kan bulo ko benci, a bar tazara tsakaninsa da bango. Kayan sanyi su shiga buhu ɗaya a rubuta a jiki, gidan sauro kuma ya zauna inda hannu zai kai.

Sito ya fi ko'ina bukatar wannan. Buhunan shinkafa da gero da alkama a jera su kan katako, ba sa taɓa ƙasa, ba sa jingina da bango, tsohon hatsi a gaba don a fara cinye shi. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ninki uku, a ɗaure kowane ninki da kyau. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba, muddin waken ya bushe sosai. Taki da maganin feshi da fetur ɗin injin ban ruwa ba sa zama ɗaki ɗaya da abinci, kuma ba sa kusantar madafa. Koma da mali da tiyo a wanke, a busar, a rataye a zaure ko rumfa. Busasshen kifi a kwando a sama, inda iska ke ratsawa.

A madafa, abin da ake ɗauka kullum ya zauna kusa da murhu, manyan tukwanen biki su koma can gefe a kife.

Mataki na ƙarshe: tsakar gida da hanyar ruwa

A buɗe rariya a zura sanda har waje. A kwashe leda da yashi daga kwatar ƙofar gida, kuma kada sharar da aka tara ta ƙare a cikin lambatu, don da ruwan farko za ta dawo. A duba indararo da kwanon rufi. Tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da fasassun tukwane da ke tara ruwa matattarar sauro ce, a fitar da su. Hanyar da ta tashi daga ɗakuna zuwa zaure ta zama a buɗe, yadda mai goyo ko tsoho zai bi ta cikin duhu ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Yara a ba su aikin da ya dace da su, kowa ya san mazaunin jakar makarantarsa da allonsa da takalminsa. Ranar ƙarshe ta hutu a zagaya da mutanen gida duka a nuna musu inda komai yake. Sannan ku sa wa kanku rana a farkon Yuni, kafin damina ta kankama, ku sake buɗe jakar takardu, ku duba rariya, ku ɗaga duk abin da ya sauko ƙasa.